Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Strokkur Kamar Ƙanena Ketill

"Awa uku, Ketill. Awa uku ka shanya ni kamar kifi."

"Awa biyu da minti arba'in ne. Kyamara tana rubuta lokaci, zo ki duba."

"Ba zan duba ba. Ƙafafuna ma suna rubuta lokaci."

Waɗannan da kake ji ƙanena Ketill ne da Steinvor, matar da yake nema da aure. Suna falona. Ni kuma ina kicin, na bar ƙofa a buɗe daidai faɗin cokali don hayaƙin fanke ya samu hanya. Tunda ba a gayyace ni faɗan ba, hannuna kuma ba ya son zaman banza, na ce bari in ɗauki biro in taimaki jama'a.

Sunana Hallbera. Shekara talatin da ɗaya na yi ina sayar da miyar nama da rigunan ulu kusa da Strokkur, ramin ruwan zafin nan namu da ke tafasa ya feso ruwa sama duk bayan 'yan mintuna. Babu irin mai ɗaukar hoton da ban gani ba. Na ga mai kwanciya rubda ciki, na ga mai hawa wuyan matarsa, na ga wanda ya ja da baya har ya zauna cikin tukunyar miyata. Saboda haka in ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari za ka koma gida da hoton da babu kamarsa. Hoton kawai na ce, ka riƙe wannan.

Amma bari ka san abin da ke ƙasa. Ketill shekararsa sittin da takwas, ya yi ritaya daga aikin awon filaye a Reykjavik, babban birninmu, matarsa ta rasu shekara huɗu ke nan. Steinvor ita ma mijinta ya rasu. Tana can wani ƙauyen masunta a arewa maso yamma, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana feɗe kifi. Shekara guda yana binta ta sayar da gidanta ta dawo wurinsa su yi aure. Ta ce to, ya kai ta ta ga Strokkur, wanda tun tana 'yar makaranta take gani a jikin kalanda ba ta taɓa gani da ido ba, a ranar za ta ba shi amsa. Ranar ita ce yau. Ni ma ina da tawa a ciki: ya riga ya faɗa min in ta ƙi shi, birni ya yi masa faɗi, zai dawo ɗakin ɗinkina ya zauna. Ka san dai irin addu'ar da nake yi tun makon jiya. Shi ya sa da safe na ɗauki saƙata na bi su, na zauna kan dutse ina kallo.

Mataki na 1: Sayi kayan da suka fi ƙarfinka

Waya ta yara ce. Ka nemi kyamara mai dogon hanci kamar bututun murhu, da sandar ɗora ta mai ƙafa uku, da jaka mai aljihu goma sha ɗaya. Littafin bayanin da aka haɗo maka da shi kada ka buɗe, kai ba yaro ba ne.

Kyamarar ka rataya ta a wuya. Na lura duk namijin da ya bar aiki sai ya nemi abin da zai rataya a wuya. A wajen tumaki dai mun san amfanin ƙararrawa.

Jakar kuwa ba taka ba ce. Miƙa wa wadda ka zo da ita, ka ce kamar yadda Ketill ya ce: "Ɗan riƙe min wannan, masoyiya, ba nauyi." Na ɗaga jakar nan daga baya. Nauyinta ya kai na ɗan rago a lokacin kaka, wanda ya ci ciyawar tsauni ya ƙoshi.

Mataki na 2: Kada ka tsaya kallon komai a hanya

Daga inda ake ajiye motoci zuwa bakin ramin akwai ƙananan tafkuna, wani na ɓararraka kamar tukunyar dankali, wani shuɗi shar har kana hango ƙasansa. Duk ɓata lokaci ne. Wuce su kamar ana binka.

In ta tsaya ta ce, "Kai, Ketill, dubi shuɗin nan," ka ce, "Daga baya, haske yana tafiya."

Ka faɗi haka da murya irin ta likita. Ba komai in watan Yuni ne, lokacin da a ƙasarmu rana ba ta faɗuwa sai dai ta ɗan jingina ta miƙe. Mai kyamara shi kaɗai ya san inda haske ke tafiya.

Mataki na 3: Sa ta ba ramin baya

Wannan shi ne zuciyar aikin, ka karanta shi sau biyu.

Kai ta bakin igiyar da aka kewaye ramin da ita. Tsayar da ita tana fuskantarka, ramin yana bayanta. Ka cire mata tabarau, ka ce yana ƙyalli, ka jefa a aljihunka. Sannan ka ja da baya taku goma, ka kafa sandarka, ka ce: "Yi murmushi. Ko me kika ji kada ki waiwaya, in kin waiwaya an ɓata."

Ga abin da zai riƙa faruwa a bayanta. Ruwan zai ɗan taso ya koma, ya taso ya koma, kamar ƙirjin mai barci. Can sai ya kumbura ya yi wani shuɗin ƙoƙo kamar an kifa babban kwanon gilashi. Ba ya kai ƙiftawar ido. Sai ya fashe ya yi sama, fari fat, ya tsaya can kamar yana tunanin ko ya dawo. Shekara talatin da ɗaya ina ganinsa, har yau in ya kumbura sai na tsayar da allura.

Ita kuwa abin da za ta gani shi ne kai, ka tanƙware kamar mai neman ƙwandala, da dishi-dishin baƙi ɗari biyu sun hangame baki. Za ta ji "fuuu" a ƙeyarta, ta ji jama'a sun ce "ooo".

"Ya tashi?" in ji Steinvor ta cikin murmushin.

"Ya tashi, amma kin ƙifta. Mu sake."

"Yana da kyau?"

"Za ki gani a hoto. Ɗaga haɓa."

Sau ɗaya ta saci waiwaye. Tururi kawai ta tarar yana watsewa, shi ma ba tabarau. Ketill ya yi tsaki irin na wanda aka taka wa shuka.

Dakata, muryarsu ta ɗaga.

"Sau ashirin da uku na ƙirga," in ji ta. "Da kunne. Da na san da kunne ake zuwa kallonsa, da na zauna gida na ɗora buta a wuta."

"Ai ba wanda ya ɗaure ki."

"Ba wanda ya ɗaure ni. Ni ce wawiyar da ta ɗauka in namiji ya ce minti ɗaya, minti ɗaya yake nufi."

Matar nan ta iya magana. Wallahi ina sonta. Mu ci gaba.

Mataki na 4: Danna a lokacin da bai dace ba

Kada ka yi gaggawar samun hoto mai kyau, mutane za su ɗauka abin sauƙi ne.

Strokkur ɗan rainin wayo ne, ya san masu kyamara. Zai ɗan yunƙura, ka danna sau arba'in, ya koma ya kwanta. Ka ɗora ido a kyamara har hawaye ya zubo, shiru. Sai ka juya fyace majina, ko canza batir, ko gyara ƙafar sanda, a nan zai tashi. Wannan ba ya saɓawa. Mu da muke nan da shi muke gane wanda mura ta kama ba tare da mun juya ba.

Duk tashin da ka rasa, ka nemo mai laifi nan take. Iska ce. Girgije ne. Mutumin can mai jar riga ne ya gifta. In duk waɗannan sun ƙare, ai ga mace a tsaye: ta motsa, ta lumshe, murmushinta ya bushe. Murmushin da aka riƙe awa biyu dole ya bushe, ko na amarya ne, amma kai ba ruwanka da wannan.

In ta ce tana jin ƙishi, ka ce bayan wannan. In ta ce gwiwa, ka ce bayan wannan. "Bayan wannan" ba ya ƙarewa, shi ne kyawunsa, don wani yana tafe nan da minti bakwai.

Mataki na 5: Zama malami

Hoto ba ya cika sai an san kai masani ne. Nemi baƙon da ya fi kowa ladabi ka tare shi.

Ketill wasu mata da miji 'yan Italiya ya samu. Ya nuna musu tsohon Geysir can sama, babban ramin da ya yi shiru yanzu, ya shiga ba su labarin yadda a zamaninmu in manyan baƙi za su zo ake ɗura masa sabulu don ya tashi, kafin a hana. Gaskiya ne an yi haka. Amma yadda yake faɗa sai ka rantse shi ya riƙa ɗauko sabulun a ka, alhali a lokacin majina ce a hancinsa, ni nake goye da shi.

Yana cikin kwatanta yawan kumfa da hannu bibbiyu, ya ba ramin baya shi ma, sai Strokkur ya tashi, bai gama sauka ba ya sake tashi, na biyun ya fi na farko. Ba kullum yake haka ba. Matar ɗan Italiyan ta ɗaga waya da hannu ɗaya, ɗayan hannun tana riƙe da askirim, ta danna sau ɗaya tak. Ta nuna min. Ko a kalanda ban ga irinsa ba.

In haka ta same ka, leƙa wayar ka taɓe baki ka ce, "Ba laifi, ga wanda bai san aikin ba."

Steinvor duk wannan tana tsaye inda aka ajiye ta, tana yi wa kyamarar da ba kowa a bayanta murmushi.

Mataki na 6: Kada ka saurari 'yan gari

A kewayen ramin za ka ga ko'ina cike da mutane, sai gefe guda wayam. Ka yi murna, ka ce duk waɗannan ba su da ido, ka kwashi kayanka da matar ka koma can.

Na ajiye saƙa na je na same shi. Na ce, "Ketill, nan iska take kaɗo shi."

Ya ce, "Yaya, shekara arba'in na yi ina auna ƙasa."

Na ce, "To auna wannan, za ka ga a jiƙe take."

Ya ce, "Ke dai koma kan ulunki. Rana tana bayana a nan, shi ne abin da ake nema."

Na koma kan uluna. Tunda aka haife shi bai taɓa jin maganata ba, sai ranar da na ce masa abinci ya nuna.

Kada ka ji tsoro, in dai kana bayan igiya, ruwan kafin ya sauko daga can sama ya huce. Ba ya ƙona mutum. Jiƙa shi kawai yake yi tun daga ka har takalmi, ya bar masa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin da za ka yi in ka ga ya karkato shi ne: danna, danna, danna, sannan ka tuɓe kwat ɗinka da sauri ka lulluɓe kyamara. Kyamara na ce. Ita ce ba ta son ruwa.

Steinvor jiya ta biya kuɗi aka yi mata gyaran gashi a Reykjavik saboda yau. Na ji wannan daga bakin Oddny maƙwabciyata, wadda 'yar ƙanwarta ke aiki a shagon. Da ruwan ya gama da ita gashin ya kwanta mata kamar ciyawar teku. Ta matse gefen siket, ta dubi Ketill. Shi kuwa ya leƙa ƙarƙashin kwat, ya ɗago fuska tana walƙiya.

"Na samu," ya ce. "Steinvor, na samu."

Haka muka dawo gida. Na ba ta tawul da rigata, na ba su baƙin burodi da ƙyafaffen nama, aka ci, sannan aka shiga falo aka fara abin da ka tarar.

Yanzu kuwa muryoyin sun yi ƙasa, ba na ji sosai. Bari in matsar da kujera.

Ketill ne, da wata murya da ban san yana da ita ba. "Don ke na yi. Bangon falona tun da Allah ya ɗauke matata babu komai a jikinsa, na sauke duk hotunan. Na so in rataya wannan. Ke da abin da kike so tun kina yarinya, a tare, ki riƙa gani kullum da safe."

Sai na ji ta ja hanci. "Kai dai sakarai ne, Ketill."

"Na sani."

"To mu gani, hoton naka."

"Minti ɗaya, ina ƙarasa gyara shi."

Ka ji. Ɗakin ɗinkina ya tsira. Bari in kai musu gahawa da fanke, a yi abin a gabana.

Mataki na 7: Gyara hoton

Na dawo.

Hoto ba ya fita daga kyamara da kyau sai an sa shi a kwamfuta an yi masa aski. A yanke gefe, a daidaita, a cire duk abin da ke janye ido daga kan ruwan. Ka yi wannan da zuciya ɗaya, kada tausayi ya shiga.

Na ajiye tire, na leƙa ta kafaɗarsa. Zan faɗi gaskiya ko da a kan ƙanena ne: hoton ya yi kyau. Ruwan ya miƙe fari kamar hasumiyar coci, rana ta ratsa shi, har da guntun bakan gizo a gefe. A ƙasa daga hagu akwai wani baƙin abu siriri a tsaye.

Steinvor ta matso tana ƙanƙance ido, don har yanzu tabaraunta na aljihunsa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce a hankali, "Ashe haka yake." Sannan ta ɗora yatsa kan baƙin abin. "Ga ni nan ko? Na fito siririya."

Na ga kunnen Ketill ya yi ja. Ya ce, "E. Ga ki nan."

Na dubi fuskar matar, tana murmushi, na gaske wannan karon. Na tuna keken ɗinkina da inda zan kai shi. Na ce wa kaina, Hallbera, zuba gahawa ki fita. Na zuba gahawar kuwa.

Na ce, "Wannan allon gargaɗi ne, 'yar uwa. Wanda aka rubuta ruwan yana ƙuna."

Ketill ya ce, "Yaya."

Steinvor ta miƙa masa tafin hannu. "Tabarauna."

Ya laluba ya ba ta. Ta goge da gefen rigata da ke jikinta, ta saka, ta duba sosai, sama da ƙasa, hagu da dama.

"Ina nake?"

"Kina nan a na asalin, ban goge ba. Sai dai lokacin da ruwan ya sauko kin duƙa, bakinki a buɗe, hannunki ya shiga cikin bakan gizon. Ya rinjayi hoton gefe guda. Duk wanda ya san aikin zai ce..."

"Ka yanke ni."

"Kaɗan ne, daga dama. Gobe sai mu koma da sassafe, ki tsaya daidai, yanzu na gane inda..."

A nan na kwaso tire na dawo kicin. Akwai abin da ko ni ba na son gani da ido, na fi son ji.

Sanarwa

Ni Hallbera, da hankalina da lafiyata, ina shaida wa duk wanda ya karanta wannan cewa hoto na yi alkawari, hoto kuma an samu. Wanda ya bi matakan nan ya kamu da mura, ko kyamararsa ta sha ruwa, ko suka zo su biyu a mota ya koma shi kaɗai, kada ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Ban haƙa ramin ba, ban juya iska ba, ban sayar wa kowa kyamara ba. Maganar allo kuwa, allo ne, duk mai ido zai gani. In an ji labarin nan gobe a tafkin wankan da 'yan gari ke haɗuwa hira, tun kafin ruwa ya kai wa mutane kafaɗa, ba daga bakina ba ne, ni rubutawa na yi.

Ga ta nan ta shigo kicin, ta sa kwat ɗinta da bai gama bushewa ba, jakarta a hannu.

"Hallbera, na gode da burodi. Rigarki zan aiko miki."

"Riƙe ta, ta fi yi miki kyau. Ina za ki?"

"Zan je in ga ruwan nan. Zan tsaya inda nake so, in kalle shi har sai na gaji. Daga nan in nemi motar da za ta rage min hanya."

Ketill ya biyo ta har bakin ƙofa, kyamara na lilo a wuyansa. "Steinvor, amsar fa? Kin ce yau."

"Gidana yana kallon teku, Ketill. Duk tagogin. Ba zan sayar ba."

Ya dubi taga, ya dubi agogo. Na roƙi Allah a zuciyata ya sa ya yi shiru, ko ya ce bari in raka ki, ko ya cire abin nan daga wuyansa.

"Yanzu za ki je?" ya ce. "Ai rana ta juya. Hasken ba shi da kyau."

Ta fita ta bugo ƙofar, har kofuna suka amsa a kan kanta.